Tsohon Reshe

Wani dattijo ya dire tukunyar wardi a rumfar mai sayar da furanni, yana share gumi.

"Malam, wardin nan ya ƙi fure. Kullum da sassafe nake ba shi ruwa, in rana ta take in ja shi inuwa."

Mai furanni ya ɗauko almakashi. "Baba, ai ba ka datse shi ba. A zafin nan tsohon reshe shan ruwa kawai yake, ba ya fure. A yanke shi, sababbi su samu wuri."

Dattijon ya yi murmushin takaici.

"Haka manaja ya ce ranar da suka sallame ni daga aiki." Ya rungumi tukunyarsa. "Bar shi, ɗana. Ai ba ruwanka yake sha ba."