Ɓarayin da Suka Durƙusa Gaisuwa

Shugabar ƙungiyar iyayen yara, Hajiya Biba. Mai girma dirakta. Malamai abokan aikina. Iyaye maza da mata na garin Deule. Da ku ɗiyanmu da kuka laɓe bayan taga kuna zaton ba mu ganinku: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a yanke hukunci. Ni na buɗe kulob ɗin silima a wannan lakwal, makarantar tamu, ni kuma na nuna fim ɗin ɓarayin banki ranar Laraba. Yau ana shawarar a rufe kulob, a kori Manzo da Hafizu da Fiddausiya. To, ga abin da na gani.

Na farko, daɗin irin wannan fim ba a satar yake ba, a shirin yake. Kowa da aikinsa, kowa da lokacinsa, kamar ranar gayya a gonar gero. Ku dubi yaran nan. Don su ƙwato ƙwallon da surbeyan, malamin horo, ya kulle a biro, wato ofishinsa, Manzo, wanda suke gaba da lissafi, ya zana taswirar lakwal da awo daidai. Hafizu, wanda bai taɓa riga ƙararrawa zuwa ba, ya iso kan lokaci. Fiddausiya ta raba aiki, ba wanda ya yi mata gardama. Shekara uku nake neman haka a aji ban samu ba.

Na biyu, aibinsa: maƙaryaci ne. Yana nuna ɓarawo da kwat da tabarau, ba ya nuna uwarsa ranar da aka kama shi. Kuma a garin fim ba wanda ya san kakan wani. Mutum ya rufe fuska, shi ke nan ya ɓace.

Nan kuwa ƙasar Adar ce. Da azahar, an tashi aji, yaran nan suka naɗe fuska da rawani da mayafi, suka shiga biro ta taga, suka ɗauko ƙwallo. A bakin ƙofar lakwal sai ga Baba Ilyasu mai gadi zaune gindin iccen bedi. Fim ya ce a wuce shiru. Tarbiyya ta ce ina! Su uku suka durƙusa, fuska a rufe, ƙwallo a hammata: "Baba, ina wuni?"

Ya ce, "Lahiya lau, Manzo. Yaya jikin kakarka? Ajiye ƙwallon nan."

Jama'a, wanda ba ya iya wuce tsoho bai gaishe shi ba, ba ɓarawo ba ne, ɗanku ne. Laifi sun yi, a hore su: su share biro wata guda, ni da na nuna fim in riƙa kwashe sharar. Amma kada a kore su, kada a rufe kulob. Fim ya koya musu shiri cikin awa biyu, ku kun koya musu gaisuwa shekara goma sha biyar, kuma ranar da aka kara, taku ce ta yi kaye.

Allah Ya shirya mana su, Ya ba mu damina mai albarka, Ya maida kowa gida lafiya, Ya ƙara wa Baba Ilyasu kaifin kunne. Na gode.