Ta'aziyya da Turanci a Zauren Baffa

Jamalu: Salamu alaikum. Yaya Hafsatu?

Hafsatu: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Jamalu: Haba Yaya, ni ne, Jamalu ƙanenki. Ba ki da lambata ne?

Hafsatu: Ina da ita. Muryar ce na manta.

Jamalu: Ina wuni?

Hafsatu: Lafiya lau.

Jamalu: Ina gajiya?

Hafsatu: Ba gajiya.

Jamalu: Ya yara? Ya Malam Sada?

Hafsatu: Duk lafiya. Ya Safana? Ya ɗalibai?

Jamalu: Da godiya. Ya damina? An ce ruwa ya yi gyara wajenku.

Hafsatu: Ya yi.

Jamalu: Ya ƙarin haƙurinmu?

Hafsatu: Mun gode Allah.

Jamalu: Allah Ya jiƙan Inna Hansatu, Ya sa ta huta.

Hafsatu: Amin.

Jamalu: Kina Yasore ne yanzu?

Hafsatu: In ina Yasore za ka same ni? Sai an hau tudun bayan masallaci kafin waya ta shiga. Na shigo Batsari sayen shinkafa da mai na sadakar gobe.

Jamalu: Sayen mi? Layin na yankewa.

Hafsatu: Shinkafa, na ce. Faɗi abin da ya sa ka kira, hannuna da kaya.

Jamalu: To, dama... dama ina so ne in ji ko saƙona ya isa wurin Baffa Maude.

Hafsatu: Ya isa.

Jamalu: Alhamdu lillahi.

Hafsatu: Kar ka yi saurin hamdala, ba ka ji yadda ya isa ba.

Jamalu: Ai wa Kamalu na tura, na ce ya isar wa mahaifinshi.

Hafsatu: Ya kuwa isar. Ranar uku, zaure cike. Ga liman, ga maigari, ga almajiran Baffa na dā waɗanda suka yi furfura. Baffa ya ɗaga kai ya duba hagu da dama ya ce, "Ina Jamalu?" Sai Kamalu ya ce ka aiko da saƙo a waya. Baffa ya ce, "Karanta."

Jamalu: A gaban mutane?

Hafsatu: A'a, a gaban awaki. Ya miƙe ya karanta shi yadda ka rubuto, da Turanci, tun daga farko har ƙarshe. Ina bayan labule ina ji. Da ya kai ƙarshe, sai wani tsoho mai nauyin kunne ya ce amin ya shafa.

Jamalu: Inna lillahi. Ai ba haka na nufa ba. Na ɗauka zai ja Baffa gefe ya fassara mashi.

Hafsatu: Ya fassara. Baffa ya ce a mai da mashi Hausa. Kamalu ya ce, "Wai ya so a ce ya zo."

Jamalu: Shi ke nan abin da ya ce?

Hafsatu: Akwai saura. "Wai ya kamata a ce yana nan."

Jamalu: Baffa fa, mi ya ce?

Hafsatu: Ya ce, "Wa ya ɗaure shi?"

Jamalu: Kin gani ko? Kamalu ya ɓata mani magana. Yaya, abin da na rubuta shi ne I wish I had come. Sannan I should have been there. A Turanci babu nadamar da ta wuce wannan. Ba a fassara su haka gatsau.

Hafsatu: To fassara mani su da taushi.

Jamalu: Ma'anar ita ce... na so a ce na zo.

Hafsatu: Madalla. Ashe Kamalu ya iya aiki.

Jamalu: Ba ki gane ba. Su Turawa in suna so su nuna ladabi ko nadama, sai su mai da maganar baya, kamar ta riga ta wuce. Maimakon mutum ya ce ina so, sai ya ce na kasance ina so. Kamar dai ka ja da baya ka rusuna kafin ka yi magana da babba. Abin da nake koya wa 'yan aji biyar ke nan makon nan gaba ɗaya.

Hafsatu: Ka ja da baya ka rusuna.

Jamalu: Yauwa.

Hafsatu: Jamalu, wanda ya zo shi ke ja da baya. Kai da ba ka zo ba, ina kuma za ka ja? Daga Safana zuwa Dutsin-Ma?

Jamalu: Yaya, don Allah ki saurare ni...

Hafsatu: Shekara nawa ina sauraronka? Tun da ka fara koyar da Turancin nan ba ka ƙara tambayar mutum abu kai tsaye ba. Ko cokali kake so sai ka kewaya gari. Ta'aziyya ƙafa ce. Ka zo, ka cire takalmi, ka zauna a tabarma. Ko ba ka ce uffan ba an gan ka. Gwaggo Zahra'u daga Zakka ta zo, da ciwon gwiwarta, mutum biyu suka sauke ta daga mashin. Ba ta faɗi abin da ya wuce "ya haƙuri" ba, ta zauna ta yi kukanta. Ita ba ta san wani ayi-wish ba.

Jamalu: I wish.

Hafsatu: Kar ka gyara mani.

Jamalu: Ki yi haƙuri. Amma ki san ba da gangan na ƙi zuwa ba. Masu duba malamai za su zo gobe da safe, kuma ajina za su shiga. Ƙarin girman da nake jira tun bara a kan wannan yake. Shugaban makaranta ya ce kowa ya zauna.

Hafsatu: Gobe?

Jamalu: Gobe da hantsi.

Hafsatu: Gobe da hantsi ake addu'ar bakwai. Daga ita a naɗe tabarmi, kowa ya kama gabanshi.

Jamalu: Shi ya sa na ce jibi da asuba zan taso.

Hafsatu: To bari in ba ka naka saƙon, tunda ni ma an ba ni. Jiya Baffa ya kira ni ɗakinshi. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya ce, "Ki gaya wa ƙanenki, in aka shafa addu'ar gobe babu shi, ya huta. Ranar tawa ma ya aiko da saƙo."

Jamalu: Subhanallahi...

Hafsatu: Hello? Kana ji na?

Jamalu: Ina ji. Baffa ya faɗi haka?

Hafsatu: Ka taɓa jin na yi mashi ƙarya? Ka kuma taɓa jin ya faɗi magana ya janye?

Jamalu: To ga shawara. In kin koma, ki hau tudun nan da shi, in kira, ki ba shi wayar. Zan tsara maganar da kyau, da Hausa, in ba shi haƙuri.

Hafsatu: In ɗauki tsoho mai makoki in hau da shi tudu, don ya saurari waya? Wayar nan ita ce laifin, Jamalu. Kana so ka wanke riga da ruwan da ya ɓata ta.

Jamalu: To ya kike so in yi? Na nemi izini, an hana ni.

Hafsatu: Ka nema?

Jamalu: Wallahi na nema. Tun ranar da aka yi rasuwar na shiga ofishinshi.

Hafsatu: Mi ka ce mashi?

Jamalu: Na roƙe shi cikin ladabi.

Hafsatu: Ban tambaye ka cikin mi ba. Faɗa mani yadda ka faɗa.

Jamalu: Na ce, Sir, I was wondering if I could travel for a few days.

Hafsatu: Wato?

Jamalu: Wato na kasance ina tunanin ko zai yiwu in ɗan yi tafiya.

Hafsatu: Ka kasance kana tunani. Ana haƙa kabari kai kana tunani. Shi fa?

Jamalu: Ya tambaye ni dalili. Na ce an yi mana rasuwa. Ya ce wa? Na gaya mashi. Ya yi mani ta'aziyya sosai, ya ce amma ga baƙi tafe, kuma irin wannan izinin sai rasuwar uba ko uwa ko mata ko ɗa.

Hafsatu: To ai shi ke nan. Mi ya hana ya bar ka?

Jamalu: Na ce maki sai uba ko uwa...

Hafsatu: Tsaya. Wa ka ce mashi ta rasu?

Jamalu: My uncle's wife.

Hafsatu: Da Hausa.

Jamalu: Matar... matar baffana.

Hafsatu: Ban ji ba, mota ta wuce.

Jamalu: Matar baffana.

Hafsatu: Na ji tun farko. So nake ka ji da kunnenka.

Jamalu: Yaya, a Turanci haka ake faɗa. Ba su da wata kalma ta...

Hafsatu: Shugaban naku Bature ne?

Jamalu: Malam Salisu ne.

Hafsatu: Ɗan ina?

Jamalu: Nan Safana.

Hafsatu: In kun haɗu a masallaci da wane yare kuke gaisawa?

Jamalu: Ofis daban ne, Yaya. Kuma ni ne malamin Turanci, in na shiga ina Hausa sai a ga kamar...

Hafsatu: Kamar mi? Kamar ɗan Yasore? Bahaushe biyu sun rufe ƙofa suna Turanci har uwa ta koma matar baffa. Kai ba ka tuna ba, ni na tuna, don da wayona. Mahaifiyarmu ta rasu ko zama ba ka fara ba. Kwana kake kana tsala ihu, an ba ka madarar shanu kana amayarwa. Inna na goyon Kamalu lokacin. Ta ɗauke ka ba ta yi shawara da kowa ba. Kamalu a dama, kai a hagu, har ta rame ta zama kamar kara. Mutane na cewa ta yaye ɗaya, ta ce in za a yaye sai dai a yaye nata.

Jamalu: Na sani.

Hafsatu: Ba ka sani ba, labari ka ji. Ko a shari'a uwarka ce, nononta ka sha. Je ka tambayi kowane malami. Shi ya sa da ka girma kana kallon 'yarta Safiyya aka ce maka ƙanwarka ce, ka kawar da ido. Wannan ka gane shi da Hausa sarai.

Jamalu: Yaya, ya isa.

Hafsatu: Bai isa ba. Da aka tura ka Safana, wa ke aiko maka da ƙuli-ƙuli da yaji duk wata? Matar baffa?

Jamalu: Na ce ya isa, don Allah.

Hafsatu: To tashi ka koma wurin Malam Salisu. Ba ofis ba, gidanshi. Ka yi sallama, ka zauna ƙasa, ka gaya mashi da Hausa.

Jamalu: In ya ce mi ya sa ban faɗa ba tun farko?

Hafsatu: Ka ce wauta.

Jamalu: In ya hana fa? Baƙin nan ba za su dawo ba sai baɗi.

Hafsatu: Sai ka zaɓa. Su za su dawo baɗi. Baffa ya haura tamanin, ban san mashi baɗi ba.

Jamalu: To... bari in tsara yadda zan fara. Zan ce, ranka ya daɗe, dama na so ne in ɗan...

Hafsatu: Ka fara ko? Ba dama, ba na so, ba in ɗan. Kalma uku ce. Faɗe ta in ji.

Jamalu: Yanzu?

Hafsatu: Yanzu. Nurain mai mashin na tsaye yana jirana, kuma ka san ba a bin hanyar Yasore in rana ta yi sanyi. Faɗi.

Jamalu: Uwata...

Hafsatu: Ina ji.

Jamalu: Uwata ta rasu.

Hafsatu: To ka ga...

Jamalu: Uwata ta rasu, Yaya.

Hafsatu: Na sani, Jamalu.

Jamalu: Tun ranar ban yi kuka ba. Ina ta mamakin kaina. Ina shiga aji, ina cin abinci, ina barci. Na zauna na goge saƙon nan na sake rubutawa har na gaji, ina neman kalmar da ta fi daɗi. Ashe gudun wannan nake.

Hafsatu: Kana ina yanzu?

Jamalu: Ɗakin malamai.

Hafsatu: Da mutane?

Jamalu: Suna kallona.

Hafsatu: Bar su su kalla, yau suka san an yi maka mutuwa. Share fuskarka ka fita.

Jamalu: Ki ce wa Baffa...

Hafsatu: Ba zan ce mashi komai ba. Na gama ɗaukar saƙo.

Jamalu: In na shiga zauren mi zan ce mashi?

Hafsatu: Ka shiga tukuna.

Jamalu: Akwai mota a tasha yanzu, na san ba ta cika ba. Zan biya gidan Malam Salisu, ko ya yarda ko bai yarda ba. Yaya, kar ki wuce ki bar ni, ba zan iya shiga gidan nan ni kaɗai ba. Ki jira ni a tashar Batsari, ina ta...

Hafsatu: Jamalu? Hello? Jamalu? ... Nurain, kashe mashin ɗin. Sauke buhun nan, akwai wanda za mu jira.