Allon Zulaikha da Bugun Tebur

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Alhaji Gado. Darakta da 'yan'uwana malamai. Iyaye mata da kuka bar rumfunanku a kasuwar Dembe. Iyaye maza, manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka ba tsohon malami dama, ko da yake abin da na zo da shi ba na alfahari ba ne.

Ranar Litinin yaro mai suna Abdulbaƙi zai shigo aji ɗaya. An haife shi da larurar da ke samun ƙwaƙwalwa tun ana jariri, ta hana hannu da ƙafa da harshe bin umarnin mai su. Na ji wasu iyaye na cewa kada a haɗa shi da 'ya'yansu. Kafin ku yanke, ku ji laifina.

Kun san yadda muke koyarwa. Malami ya yi tambaya, ya bugi tebur, yara su rubuta a allo. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga. Shekara goma sha biyu da suka wuce ina da ɗaliba, Zulaikha, mai irin wannan larura. Kullum allonta ne na ƙarshe, allin na kuɓuce mata, rubutun kamar tonon kaza. Wata rana zafi ya ishe ni, na ce, "Zulaikha, har la'asar za mu jira ki?" Aji ya fashe da dariya. Da aka fita hutu na hango yara uku suna kwaikwayon tafiyarta, na kau da kai. Ni na ba su izini, da bakina. Ba ta ƙarasa shekarar ba, ni kuma na rubuta a takardarta cewa ba ta ganewa.

Bara na haɗu da mahaifiyarta a motar Gassi. Ta kira ni da sunan aikina na malami, ta ce, "Metir, kullum in ta dawo sai ta faɗa mini amsoshin duka. Suna bakinta, kai kuwa hannunta kawai kake tambaya." Na bi ta har gida neman gafara. Zulaikha ta yi magana a hankali, ni kuma a karon farko na jira ta gama. Ta ce ta yafe, sannan ta tambaye ni, "Har yanzu ana buga tebur?" Na ce ana bugawa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Saboda haka, na farko, iyaye: wannan larura ba a ɗaukarta, ba iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Ku faɗa wa 'ya'yanku haka da kanku, domin abin da babba ya yi, shi yaro ke ɗauka.

Na biyu, malamai: kada ku yi bugu na biyu sai allon ƙarshe ya shirya, in rubutu ya gagari Abdulbaƙi ku tambayi bakinsa. Ku sa yaran su gwada rubutu da hannun da ba su saba ba, su ɗanɗana yadda ake sanin amsa hannu ya ƙi. Ku koya musu su tambaye shi kafin su taimaka, su kuma yi wasa da shi, domin kalmar "miskini" ba ta taɓa zama abota ba.

Mahaifin Abdulbaƙi, Malam Siradji, yana zaune a cikinku. Ya ce mini mako ɗaya zai gwada mu; in yaron ya dawo da kuka, ya mayar da shi ɗaki ke nan. Ban ga laifinsa ba. Ni an ba ni wata bakwai na ɓata su, ku kwana biyar kacal aka ba ku.

Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, ya sanya tausayi a zukatan 'ya'yanmu, ya ba Zulaikha abin da na hana ta, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.