Na'urar da ke Ƙirjin Malam Jalilu

A ɗakin jira na wani asibiti a Manchester, wata dattijuwa ta ji saurayin da ke gefenta yana Hausa a waya. Da ya gama ta juyo.

"Ɗana, me ya kawo ka?"

"Targaɗe na yi, Hajiya. Ke fa?"

"Maigidana, Malam Jalilu. Daga Birmingham muka zo ta'aziyya Longsight, ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Akwai na'ura a ƙirjinsa, kullum tana aika bugun zuciyarsa asibitinmu na can."

"To ai da sauƙi, sai su duba."

"Wai kwamfutar nan ba ta karanta ta can. Awa uku suna ta buga waya. Suka tambaye ni magungunansa, na ce akwai fari, akwai ja."

"Wallahi a kan wannan nake bincike a jami'a. Duk asibitocin za a haɗa su."

"Yaushe?"

"Ko nan da shekara biyar."

"Allah ya ba da sa'a."

Wata nas ta fito ta kira ta. Ba wajen marasa lafiya ta nuna ba, wani ɗan ƙaramin ɗaki ta buɗe, mai kujeru uku.

Dattijuwar ta daɗe tana duban ƙofar.

"Taso ka fassara min, ɗana. Turancinka ya fi nawa."