Katakon da Malam Maiwada Ya Bari a Ɗaure

Assalamu alaikum. Ina gaida Uban Ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Ina gaida Malam Liman, da shugaban kafintocin Kaura Namoda, da Alhaji Jabir yayan mamaci, da Barakatu mai takaba, da ɗiyarsa Nazifa da ƙannenta. Ni Balaraba ce, mai karantar da matan unguwa. Katanga ɗaya ta raba makarantarmu da shagon Malam Maiwada, shi ya sa anka ce in yi magana. Ba ni da ƙarfin murya, ku yi haƙuri.

Mun san yadda munka rasa shi. Daji ya rufe, katako ya yi wuya, ya ji labarin wani icce a Dauran, ya tafi. Bayan Zurmi 'yan bindiga sunka tare motarsu. A makarar da ya sassaƙa wa masallacinmu kyauta anka ɗauki gawarsa.

Ya kasance mai gyara ƙofar da ba tasa ba. Da mutanen Banga sunka gudo, sunka sauka a firamare, shi ya bi tagogin yana bugawa. Ya kasance mai yi mana alluna, ba mu taɓa samun wanda ya soki hannu ba. Ya kasance kuma mai yin jita ta kiɗa, ba zan ɓoye ba, tunda 'yan Nijar ta Shinkafi suke biyowa su saya.

Kun ga manyan katakan nan masu ƙugu da ke rataye a shagonsa. A cikinsu yake lanƙwasa icce. Sai ya haɗa katako mai kauri, ya yanke shi daidai gefen jita, ya goge har ba gargada, don ya ce ko ɗan tudu anka bari zai fito a jikin kowace jita. Sannan ya jiƙa siririn katako, ya gasa shi a kan bututun ƙarfe mai zafi, ya kwantar a ciki, ya ɗaure da roba. Ba ya kwancewa sai ya bushe, ko mai saye na tsaye da mashin yana jira. Wanda anka kwance da wuri miƙewa yake, ko ya tsage.

Na taɓa tambayarsa ta kan katanga ko bai jin tsoron zunubi a wannan sana'a. Ya yi dariya, ya ce, "Malama, ni icce nike lanƙwasawa. Rariyar da kike tankaɗe da ita ma nan ta kwana."

Gaskiya ya faɗa. Zagayen rariyar gidajenmu duk a katakansa anka lanƙwasa su, kuma tun bara Nazifa ke yin su.

Alhaji Jabir, ka gafarce ni, a gaban mutane zan roƙe ka. Na ji ka ce a faskara katakan a dafa abincin sadaka da su, don a sauƙaƙa wa ƙaninka kabari. Na san ƙauna ce. Hukuncin kiɗa na malamai ne, ga su zaune, ban kai nan ba. Abin da na karanta kawai shi ne, kayan nan gado ne, ba a raba ba, kuma akwai marayu. In an ƙone su, da me gidan zai ci? Iccen girki mu matan unguwa za mu kawo, kowa da ɗaurinta.

Akwai ɗaya da ya ɗaura ranar da zai tafi. Ya ce wa Nazifa kar ta taɓa sai ya komo. Har yau ba ta taɓa ba. Ya daɗe da bushewa. Alhaji, kai ne ubanta yanzu. Ka je ka tsaya a bakin shagon, ka ce mata ta kwance.

Na gode da kunka saurare ni. Allah ya jiƙan Maiwada, ya yalwata masa makwanci, ya raya abin da ya bari. Allah ya buɗe mana hanyar Zurmi. Amin.