Cokalin da Dattawa Suka Lasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Mikail, wanda ya ba mu rumfa da kujeru. Mai girma mai unguwa. Malam Liman da na'ibinsa. Dattawan Gwammaja da ke layin gaba, inda iskar fanka take isa. Iyayenmu mata da ke bayan labule, inda ba ta isa. Samari da ke tsaye a bakin kwata kuna jiran a raba lemo. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga ƙungiyar ci gaban unguwa da ta shirya wannan taro na yaƙi da shaye-shaye, ina kuma godiya da ta zaɓe ni, Mailafiya mai kayan yaji, in yi jawabi. Na san yadda aka yi. An nemi likita, yana kan aiki. An nemi malamin jami'a, ya yi tafiya. Sai aka ce a kira Mailafiya, gidansa kusa ne, bakinsa kuma ba ya gajiya. Karatuna a sakandare ya tsaya, kasuwa ta ƙarasa sauran. Abin da za ku ji na kimiyya, 'yar wana Sa'adiyya, wadda ke haɗa magani a asibiti, ita ta zaunar da ni ta koya mini. In na yi daidai nata ne, in na yi kuskure nawa ne.

An ce in zagi wiwi in zauna. Zan zage ta. Amma mu a kasuwa ba ma zagin kaya sai mun kwance bakin buhu.

Na farko, wiwi ba abu ɗaya ba ce, kamar yadda yaji ba abu ɗaya ba ne. Kai ka ga jan gari a leda ka ce yaji. Ni na san akwai barkono a ciki, akwai citta, akwai kanumfari, akwai masoro, kowanne da inda yake taɓawa. Haka wannan ganye: akwai sinadarai fiye da ɗari 'yan gida ɗaya a cikinsa. Abin mamaki kuma, jikin ɗan Adam yana yin irin nasa, ɗan kaɗan, daidai awo, yana daidaita barci da yunwa da jin ciwo. Wato ƙofofin suna nan a ƙwaƙwalwa, Allah Ya yi su da mabuɗansu. Ganyen nan baƙo ne da ya zo da mabuɗi na jabu.

Babba a cikin sinadaran ganyen shi ne THC, barkonon gidan. Shi ke bugarwa. Shi ke mai da ido ja, ya busar da baki, ya sa zuciya gudu, ya buɗe ciki har mutum ya ga tukunya ta yi masa kaɗan. Shi ke sa ka fara magana ka manta farkonta kafin ka kai ƙarshenta. In ya yi yawa ya kawo tsoro da zargi, har mutum ya ga inuwarsa ya ce bin sa ake yi; matashi kuma in ya lizimce shi, yana iya taɓa masa hankali.

Sai ƙanensa CBD, ɗan gidan da ake fita da shi unguwa. Ba ya bugarwa. A wasu ƙasashe an tace shi tsaf, an mai da shi magani ga wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar sha'ani, likita yana auna shi da nauyin yaro, yana duba hanta, domin shi ma yana kawo kasala da gudawa, yana kuma faɗa da wasu magunguna. Akwai CBN, wanda THC ke komawa in ganye ya tsufa ya sha iska; ana ce yana sa barci, masu bincike ba su gama yarda ba. Akwai CBG, wanda daga tushensa sauran suke fitowa, shi ma ana kan duba shi. Su ke nan waɗanda kaina ya iya ɗauka.

Na biyu, wanda ake sayar wa samarinmu a lungu ba don asibiti aka noma shi ba. Manominsa ya san abin da mai saye yake nema, kamar yadda na san mai tsire ba kanumfari ya zo saye ba. Barkonon ne ya cika buhun, ƙanen nan na kirki sai an tona.

Na uku, shi ne ya kawo ni. Mu mutanen cikin gari muna da wata al'ada mai kyau, wadda ta tsare kakanninmu daga sammu: mai magani shi ke fara lasa a gabanka. In ya lasa bai faɗi ba, ka karɓa da zuciya ɗaya. Kun san Nana Hauwa, maƙwabciyata, kun san 'yarta Ikram, wadda take fama da farfaɗiya tun tana ƙarama, wadda ƙwayar asibiti ta riƙe ta har ta shiga islamiyya tana zuwa da ƙafarta. Kun kuma san Malam Tanko mai maganin gargajiya, mutum mai son taimako, mai wayar hannu mai yawan bidiyo. Ya ga Bature yana cewa man wiwi na maganin farfaɗiya. Bai ji inda aka ce CBD ba, bai ji inda aka ce tacewa ba, wiwi ya ji. Ya sayo ta lungu, ya haɗa da man shanu, ya zuba a kwalba.

Bayan sallar La'asar ya kawo zauren Nana Hauwa, ya kira dattawa uku shaida. Ya lasa. Dattawa suka ji an ce yana maganin gwiwa, su ma suka lasa, domin shaida ba ta cika da ido kaɗai. Suka zauna tsawon gaisuwa, ba wanda ya faɗi. Ɗayansu ya ce, «Malam Tanko, anya wannan da ƙarfi kuwa? Ni ban ji komai ba.» Tanko ya ce, «Ƙara, Alhaji.» Ya ƙara.

Abin da al'adarmu ba ta sani ba shi ne, hayaƙi nan take yake kama mutum, amma abin da aka haɗiye sai ya bi ta ciki, ya bi ta hanta, ya ɗauki awa ɗaya ko biyu, sannan ya iso da ƙarfin da ya fi na hayaƙi, ya kuma daɗe bai tafi ba. Sammu yana da gaggawa, THC yana da haƙuri.

Kafin Magariba an ga Malam Tanko a gindin Goron Dutse yana yi wa akuya bayanin tarihin ganuwa, aka ce zafin rana ne. Dattijo ɗaya ya cinye tuwon gidansa har da na yara, aka ce Allah Ya buɗe masa ciki. Wani ya ji zuciyarsa na dukan ƙirji, ya tara iyali ya fara wasiyya, ya yafe wa mutanen da ba su taɓa yi masa laifi ba, aka ce hawan jini ne. Na ukun ya tsaya a ƙofar gidansa yana sallama, yana jiran maigidan ya fito. Kowa aka samo masa suna mai mutunci, domin wiwi ta samari ce, mai furfura ba ya buguwa.

Ku yi dariya, na yarda. Amma wannan cokalin da ya kai babban mutum ga wasiyya, shi ake ba yarinya 'yar shekara tara safe da yamma. Tana kwana tana wuni a kwance, aka ce sauƙi ne. Aka ajiye ƙwayar asibiti, alhali Sa'adiyya ta ce tsayar da ita farat ɗaya yana iya tayar da ciwon da ba ya sauka sai da rai. Makon jiya Ikram ta faɗi a matakalar islamiyya, girarta ta tsage, aka ce ciwon ne yake fita.

Ban hau nan in tona asirin kowa ba. Na nemi izinin Nana Hauwa. Na ce, «Ƙanwata, ki zubar da kwalbar nan.» Ta ce, «Yaya Mailafiya, kai yaji ka sani. Dattawa uku sun lasa a gabana, na tambaye su washegari, kowa ya ce lafiya lau ya kwana. Ka faɗa a taro in kana so. Ranar da ɗayansu ya ce ya cuce shi, ranar zan zubar.» Kun ji. Ba Tanko ta yarda da shi ba, ba Bature ta yarda da shi ba, furfurarku ta yarda da ita.

Saboda haka, dattawana, mun zo yau mu yi wa samari faɗa su faɗi gaskiya game da abin da suke sha. Ni ba uku nake nema ba. Ɗaya ya ishe ni. Ba sai ya yi magana ba, hannu kawai zai ɗaga, yadda za a hango daga bayan labule. Zan jira. Ni ɗan kasuwa ne, na saba jiran mai saye ya je ya dawo.

Na ga hannun shugaba ya motsa. Wataƙila ƙuda yake kora. A'a, yana nan a sama. Alhaji Mikail, Allah Ya ƙara girma. Wasiyyar nan taka ta rannan, Allah Ya sa sai bayan shekaru masu yawa za a buƙace ta. Samari, wanda ya yi dariya yanzu, ya fara yin abin da tsohon nan ya yi tukuna.

Ga kuma kwalba tana tahowa hannu da hannu daga wajen mata. Ku miƙo ta nan. Malam Liman, a ajiye ta gabanka, kada kowa ya sake yin shaida. Alhaji, tunda hannun yana sama, mabuɗin motarka ma yana aljihu. Sa'adiyya ta ce gobe da safe likitan yara yana zama, sai ka kai Ikram.

Allah Ya ba Ikram lafiya mai ɗorewa. Allah Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarta. Allah Ya shiryi samarinmu, Ya ba Malam Tanko haƙurin kallon bidiyo har ƙarshe, Ya tsare dattawanmu daga cokali na biyu. Allah Ya zaunar da Gwammaja da Kano lafiya, Ya mai da kowa gidansa, ya kuma gane ƙofarsa.

Na gode.