Itatuwan da muka dasa a makarantarmu

Assalamu alaikum ya ustaz mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ni ce Hawwa'u, malama a makarantar 'yan mata ta wani ƙauye kusa da garin Suki.

Shekarun baya aka kawo mana dashen darbejiya da bagaruwa, aka ce itatuwa suna shanye hayaƙin da ke ƙara wa duniya zafi. Kowace ɗaliba ta dasa nata, tana ɗebo masa ruwa kullum kafin a shiga aji. Suka girma har muna karatu a inuwarsu.

Bana gas ɗin girki ya ɓace a kasuwa, gawayi kuma ya gagari talaka. Itatuwan suka fara raguwa. Ranar Talata na tarar da Zainabu, tsohuwar ɗalibata, da goyo a bayanta, tana sare wanda ta dasa da hannunta.

Ta ce, "Ustaza, wallahi kwana biyu ban ɗora tukunya ba."

Ni da kaina na ɗora mata itacen a ka.

Yanzu an aiko mana da sabon dashe, yana bayan aji yana bushewa. Ku ba ni shawara, ya ustaz. Da wane baki zan ce wa ɗaliban bana su dasa?